Kifin Dantani

A tashar motar Argungu da ke Birnin Kebbi, Susanna na zaune tana jiran saƙo, sai wani dattijo ya zauna gefenta da ƙunshin bandar kifi a cinya.

"Ɗiyata, ofishin nan na Gesse, masu tsaya wa talaka, ina suka koma? Na iske kwaɗo a ƙofa."

"Hukuma ta rufe shi, Baba. Cewa aka yi mu ba da sunayen waɗanda suka kawo mana kuka, muka ƙi."

"Kuka ƙi? Ashe ke ta cikinsu ce! To, ɗana Dantani nike nema. Shi ya ba da shaidar dukan da aka yi wa wani a tsare, kuka ɓoye shi. Damina ukku ke nan."

"Ko na san shi, ba zan faɗa ba."

"Ni fa na haife shi!"

"Wanda ya zo wancan watan ma haka ya ce, Baba, da takalmin jami'an tsaro a ƙafarsa."

Dattijon ya dubi tsohon silifas ɗinsa.

"Ba sai na gan shi ba. Uwarsa ce ke banda mishi kifin nan duk shekara, ni kuma in koma mata da shi. Yanzu ko tambayata ba ta yi, hannuna kawai take dubawa."

Ɗan kamasho ya yi kiran mutum ɗaya Argungu. Dattijon ya miƙe.

"Baba, ajiye ƙunshin nan."

Ya juyo.

"Ni ban san wani Dantani ba. Amma ka bari Inna ta ga hannunka babu komai bana."