Awakin Gidan Namun Daji

A gidan namun daji na wata ƙasar waje, wata dattijuwa ta ji wani magidanci yana yi wa 'yan biyunsa faɗa da Hausa a bakin shingen awaki.

"Malam, ƙyale su mana."

"Hajiya, zaki na kawo su su gani! Na gudo daga kiwon awaki, yau 'ya'yana sun liƙe musu."

"Sun taɓa ganin akuya?"

"Ina fa! A nan aka haife su."

"To, kira musu ɗaya."

"Ai na manta."

Bai rufe baki ba fito ya kuɓuce masa. Awaki uku suka sheƙo.

"Baba, sun san ka!" in ji yaran.

Dattijuwar ta matsa masa a benci. "Zauna, Malam. Zakin ba inda za shi."