Tekun da Muke Kaiwa Gona

Mai girma shugaban taro, magajin garinmu Anselme Lecouvey. Wakilan ma'ajiyar sharar nukiliya da ke bayan tudu. Masana da kuka taso daga birni. Masunta, manoma, da 'yan kujerar baya masu jiran a tashi a sha ruwan tuffa, barkanmu da yamma.

Ni ce Odile Quoniam, mai lambun bayan coci. Na gode da aka ba tsohuwa dama, kuma ba faɗa na zo yi ba. Tambaya ce ta hana ni sakat, an ce mai tambaya ba ya ɓata.

Na farko, ku masana, na yarda kun yi aiki. Kun auna ruwa, kun auna kifi, kun auna kaguwa har Fernand maƙwabcina yana cewa kaguwar garin nan ta fi shi ganin likita. Kun ce abin da bututun ma'ajiya ke zubarwa a teku kaɗan ne, ruwa yana tsinka shi. To, madalla.

Na biyu shi ne abin da ya faru a ƙofar gidana watan jiya. Wata masaniya mai fara'a ta zo da takardar tambayoyi.

Ta ce, "Inna, sau nawa kike cin kifi a mako?"

Na ce, "Sau biyu."

"Wanka a teku fa?"

Na ce, "Haba 'yar nan, da wannan gwiwar? So kike kifayen su yi ƙaura?"

Tana cikin dariya ta hango tulin ciyawar teku a lambuna. Ta tambayi ta mece ce. Na ce taki ne mana, kowace guguwa ta wuce mukan kwaso mu zuba wa dankali, haka kakannina suka yi. Ta ce daga ina? Na ce daga gaɓar da ke kusa da bututun, can ta fi taruwa. Sai dariyar ta tsaya. Ta juya takardarta gaba da baya, babu gurbin rubuta wannan.

To, jama'a, ina so in sani. Abin da ruwa ya tsinka, ciyawa ba ta tara shi? Abin da ciyawa ta tara, ƙasa ba ta riƙe shi? Idan ƙasa ta riƙe, dankali fa? Ku kuna auna teku a bakin teku, mu kuwa shekara arba'in muna ɗaukarsa a amalanke zuwa gona.

Na uku, jikata Perrine watanta bakwai, an fara ba ta dankali. Tun ranar da masaniyar nan ta zo na cire mata cokalin dankalin lambuna daga baki, na koma sayen na kanti, ni Odile! Wallahi tsoro nake ji. Ku hauro tudu, ku tona lambuna, ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci.

Allah ya mayar da kowa gida lafiya, ya tsare masuntanmu a kan ruwa, ya ba masana idon gani. Ni kuma, Allah ya sa abin da na yi shekara arba'in ina zuba wa 'ya'yana a kwano abinci ne kawai.

Na gode.