'Ya'yan Kurciya a Rufin Baba

Auta: Salamu alaikum. Baba? Baba, kana ji na?

Baba: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Auta: Ni ce, Auta. Ina kwana?

Baba: A'a, 'yar auta! Lafiya lau. Ya aiki? Ya maigidan naki?

Auta: Yana gaishe ka. Ya sanyi? Ya tarin?

Baba: Sanyi kam lokacinsa ne. Tari da sauƙi.

Auta: Me ya sa kake magana ƙasa-ƙasa? Maƙwabciyarka ta kira ni, wai tun asuba kana zaune a tsakar gida cikin bargo, ta gaishe ka ka ɗaga mata hannu ta yi shiru.

Baba: Matar nan bakinta kamar rediyo. Gadi nake yi. Uwarsu ce ta fita tun jiya da yamma, har yanzu shiru.

Auta: Uwar wa?

Baba: 'Ya'yan mana. Su biyu, sai rawar ɗari suke yi, ko ɗigon ruwa bai shiga cikinsu ba.

Auta: Innalillahi! Matar Yaya ce ta yi yaji? Ta zube maka tagwayen ta tafi?

Baba: Wane yaji kuma? Ai ba na ba su yaji, ƙanana ne.

Auta: Baba, tsaya. Suna ina yanzu?

Baba: A sama, gindin rufi.

Auta: Rufi! Wa ya hau da su?

Baba: Can aka haife... cikin sheƙa...

Auta: Wa ya sheƙa? Hello? Baba, layin yana yankewa! Wa ya sheƙa lahira?

Baba: Ke, bakinki ya sari ɗanyen kashi! Sheƙa na ce, gidan tsuntsu. Kurciya ce ta ƙyanƙyashe a ramin nan na saman tagata.

Auta: Tsuntsaye? Kai, Baba! Har na ɗauki jaka zan nemi izini a wurin aiki.

Baba: To ni na ce miki mutane ne?

Auta: Dakata. Ramin saman taga? Ba shi na turo kafinta ya toshe yau ba?

Baba: Ya zo. Na ba shi ruwan zafi ya sha, na sallame shi.

Auta: Haba Baba! Ta nan fa iska ke shigo maka har kan gado. Likita da bakinsa ya ce in sanyi ya sake kama ƙirjin nan, sai an kwantar da kai.

Baba: In toshe da rai a ciki? Gashinsu bai gama fitowa ba, wuyan kamar zaren allura. Ɗayan ya fi wayo, sai ya cusa kansa ƙarƙashin ɗan'uwan. Ga kyanwar maƙwabta tana ta zagaye, sau uku ina jifanta da takalmi.

Auta: Da takalmi? Yanzu ƙafarka a ƙasa take?

Baba: Ɗaya dai. Ɗayar da safa.

Auta: Wayyo Allah. Ka sha magani?

Baba: Wa ya yi gani?

Auta: Magani! Na ce ka sha?

Baba: Yana ɗaki. In na tashi, wa zai tsare su?

Auta: Baba, tsuntsaye ne fa. Allah ke raya su.

Baba: Na sani. Amma ke ba za ki tuna ba, kina rarrafe lokacin da Innarku ta rasu. Na san kukan gidan da uwa ta fita ba ta dawo ba.

Auta: ...Baba.

Baba: Shhh! Tsaya. Ga wani abu ya sauka kan katanga.

Auta: Kyanwar ce? Kar ka tashi da sauri, jiri zai...

Baba: Ta dawo! A'a... ba ita ba ce. Wannan ya fi ta ƙiba. Ikon Allah, namijin ne! Ya shiga, Auta. Baki da baki yake ba su. Ashe uban ma ya iya.

Auta: To alhamdulillahi. Shiga ɗaki yanzu, don Allah.

Baba: Sai ya gama. Bai ƙware ba, rabi a ƙasa yake zubarwa. Muryarki na firgita shi, ina ne wurin kashe wayar nan?

Auta: Baba, kar ka kashe, maganin dai...