Ni na dafa, shi ya sha albarka

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Falmata ce daga Diffa.

Ƙanena Bukar yana Turai, suna harhaɗa ƙwayar da ke shiga ƙwaƙwalwa ta toshe wurin da ke sa mutum jin yunwa. Innarmu kuwa ta tsufa, ba ta son ci. Jiya na yi mata miyar bandar kifin Bosso da tattasai, na lallashe ta har na gaji, ta kau da kai. Bukar na bugo waya ya ce, "Inna, ki ci mana," sai ta share kwanon tas, tana cewa, "Allah ya yi wa likitana albarka."

Wallahi kishi ya turnuƙe ni. Jama'a, ku gaya mini: ni da na sha hayaƙi, ina tawa albarkar?