Sakan Biyun da Na Hana Anson Tschetter

Shugabar wannan ƙungiya tamu, Misis Marlys Oberholt. Mataimakinta kuma tsohon abokin tafiyata, Gordon Feddersen. Shugabannin makarantun sakandare na gundumominmu shida. Masu horar da 'yan kokawa, tsofaffi da sababbi. 'Yan'uwana alƙalan wasa, waɗanda muka tsufa tare a kan katifa da waɗanda suka karɓi usur bana. Iyaye maza da mata da suka bar gona da shago suka zo: ina gaishe ku baki ɗaya, gaisuwa ta girmamawa.

Ina godiya ga matan cocin nan da suka cika mana ciki. Ina godiya ga kwamitin da ya ga dacewar a karrama ni, ni Loren Pickrell, saboda shekara talatin da ɗaya da na yi ina alƙalancin kokawar makarantu a wannan yanki na Iowa. An ba ni minti goma in yi godiya in zauna. Ku yi mini afuwa, domin wata magana ce daban na zo da ita.

Abu na farko shi ne abin da ya faru a gasar gunduma ta watan Fabrairu. Yawancinku kuna wurin. Karawar neman gurbin zuwa gasar jiha ce, ajin nauyin fam ɗari da arba'in da huɗu. A gefe guda akwai Colby Rasmund, ɗan makarantar da tutocin nasara suka rufe bangon zaurenta. A ɗaya gefen akwai Anson Tschetter, ɗan ajin ƙarshe daga makarantar da duka 'yan kokawarta ba su cika mota ɗaya ba. Colby na da maki biyar, Anson na da huɗu, saura sakan goma sha ɗaya. Sai Anson ya kama hannun Colby ya mirgina da shi, kafaɗun Colby suka fuskanci katifa. Duk mun san doka: idan aka riƙe shi haka sakan biyu, maki biyu ne. Na kwanta rub da ciki, na wurga hannu ina ƙirga sakan, na ce ɗaya. Kafin in kai biyu Colby ya sulɓe. Na nuna babu maki, ƙararrawa ta kaɗa, na ɗaga hannun Colby. Na koma gida raina kwance, na ci abinci, na ce wa matata yau na yi aiki mai tsabta.

Abu na biyu ya zo bayan mako uku. Mahaifiyar Anson, Misis Arlene Tschetter, malamar lissafi ce. Ba ta zage ni a zaure ba, ba ta kai ƙarata ba, ba ta rubuta komai a intanet ba. Waya ta yi mini ta ce, "Mista Pickrell, ko za ka biyo ta makaranta ranar Talata bayan an tashi? Kofi na nan, ko da yake ba shi da daɗi."

Na je da shirin bayani, irin wanda muke yi wa iyaye. Ta zaunar da ni a kujerar ɗalibi, ta kunna hoton bidiyon karawar, tana tsayar da shi tana ci gaba. Daga lokacin da kafaɗun Colby suka karkata zuwa lokacin da ya sulɓe, sakan biyu ne da kashi bakwai cikin goma.

Na ce, "Misis Tschetter, kuskure ne, kuma kowane alƙali yana yi."

Ta ce, "Ni ma haka na ɗauka. Shi ya sa na nemi sauran."

Ashe ta bi iyaye gida gida ta tattara bidiyon karawa arba'in da uku da na yi wa alƙalanci cikin shekara shida, ta auna kowace wurgawar hannuna. Ta miƙo mini takarda ɗaya. Ya ku jama'a, ku saurari abin da ke cikinta. Idan yaron da ake sa ran zai yi nasara ne a sama, sakan ɗaya a hannuna bai cika sakan ba. Idan kuwa wanda aka raina ne ya juya gwani, sakan ɗaya a hannuna yakan kai ɗaya da rabi. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Hannu ɗaya ne, amma agogo biyu yake da shi, ɗaya na manya, ɗaya na ƙanana.

Na kalli takardar, na kalli hannuna kamar na wani. Ban taɓa karɓar ko kwalbar lemo daga wata makaranta ba. Ban taɓa ƙin wani yaro ba. Amma da na sake kallon hotunan sai na ga abin da ke faruwa: idan gwani ya juya abokin karawarsa, na riga na yarda tun kafin ya gama. Idan aka juya gwani, sai in tsaya in tabbatar, in sake duba kafaɗa, in ba idona lokaci ya gaskata. Lokacin nan da nake ba idona, daga rabon yaron da ke sama nake ɗebo shi.

Abu na uku shi ne wanda ya fi girgiza ni, kuma saboda shi na tsaya a gabanku. Daga cikin motata, a harabar makarantar, na kira Darrell Vanderploeg, kocin Colby. Shekara ashirin da biyar muna kamun kifi tare. Ya san zan faɗi wannan yau, ga shi can zaune. Na karanta masa lambobin. Ya ce, "Loren, ai kowa ya san hannunka."

Na ce, "Wane ne kowa?"

Ya ce, "Mu koci-koci mana. Ni ina gaya wa yarana, idan Pickrell ne a katifa kuma aka juya ku, kada ku firgita, kuna da lokaci. Su kuma ƙananan makarantu suna gaya wa nasu, idan Pickrell ne, ku riƙe har sai kun ga ya ɗaga yatsunsa ya ba ku maki."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun kana da gashi."

Ya so in yi dariya. Ban iya ba. Ashe ana koyar da hannuna a ɗakunan atisaye kamar yadda ake koyar da kamun ƙafa. Ashe yara 'yan shekara sha biyar sun san abin da ban sani ba game da kaina. Mun ci abinci tare, mun yi jana'izar iyayen juna tare, kun tafa mini a taro irin wannan, amma a cikinku babu wanda ya ja ni gefe. Ban faɗi haka don in sauke laifina a kanku ba. Hannuna ne, laifina ne. Sai dai ina tambaya: mu nawa ne a zauren nan ake koyar da hannunmu a ɓoye?

Na je gonarsu Anson. Na same shi yana zuba wa shanu abinci. Na gaya masa maki biyun nan nasa ne, shi ya kamata ya je gasar jiha, kuma ba ni da ikon mayar masa da ita. Ya jingina shebur da bango ya ce, "Na sani, Mista Pickrell. Ina jin bayansa a ƙirjina, ni ma ina ƙirgawa." Sannan ya ce, "Ƙanwata Greta za ta fara kokawa bana. Ba wanda ya san sunanta. Idan kai ne a katifarta, ka ƙirga mata irin na Colby."

Saboda haka ina roƙon shugaba abu biyu. A cire sunana daga jerin alƙalan gasar jiha mai zuwa. Sannan a horon watan Oktoba, kowane alƙali, sabo da tsoho, ya kwanta a katifa ya ƙirga a gaban agogo, a kuma duba bidiyon karawarsa a gaya masa sakamakon a gaban idonsa. Misis Tschetter ta yarda ta koya mana yadda ta yi. Ni ne zan fara kwanciya.

Allah ya tsare yaranmu daga karaya da rauni. Allah ya ba iyayensu haƙuri, ya ba masu horar da su ƙarfin halin faɗin gaskiya ga abokansu. Allah ya daidaita hannuwanmu, ya yafe mana abin da muka tauye ba da saninmu ba. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.