Kacallar da na sare

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki.

Ina noman alayyafo a bayan garin Tudun Wada, da ruwan kwata da nake tarawa a rami idan an yi ruwan sama. Bara na sare kacalla, doguwar ciyawar ruwan da ta cika bakin ramin. Sai ruwan ya koma kore shar, ga wari, masu sayen ganye suka guje ni. Maƙwabcina Sule kuwa, da nake kira malalaci don ya bar tasa, ruwansa garau. Ya ce, "Baba, ai mai wankinka ka kora."

Don Allah a tambayar mini masana: da gaske ciyawar nan ce ke shanye takin da ruwa ya kwaso? In haka ne, gobe in tafi roƙon saiwa wurin malalaci.

Naku, Baba Haruna.