Rubutun da Ba Ni na Duba Ba

Shugabar wannan taro, shugabannin sassa, manyan baƙi, iyayenmu da suka daure wa zafin wannan zaure, abokan aiki maza da mata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga Shugaba da ta zaɓe ni in yi magana a kan wanda ake karramawa yau, abokina da muke kira Sarkin Sauri. An ce wai ni na fi kowa saninsa. Haka ne, amma da an shawarce ni, da na ce a ba wani wannan aiki, kuma za ku ji dalili. Abu uku zan faɗa.

Na farko, aikin da ya yi, domin iyayenmu su san abin da suke tafa wa. A kowane ɗakin sanyi da muke kula da shi, inda ake ajiye magunguna, akwai 'yar na'ura da ke aiko mana saƙo. Saƙon doguwar sarƙa ce ta lambobi da haruffa a manne, ba tazara, ba waƙafi, cikin lissafin da muke kira heksa, mai ƙirga sha shida maimakon goma: sifili zuwa tara, sannan haruffa shida. Sai an yanka sarƙar biyu-biyu, an ware lambar na'ura daga awon sanyi, kafin a san ko magani yana lafiya. In ka mai da sarƙar ta zama lamba guda kafin ka yanka, sifilin gaba ya ɓace, yankan duka ya goce, firjin da ya yi zafi ya ce maka lafiya lau. Wasu na'urorin kuma da baya-baya suke jero nasu. Sarkin Sauri ya rubuta wa kwamfuta ɗan gajeren umarni wanda bai cika allo ɗaya ba, amma yana karanta saƙon kowace na'ura, tsohuwa da sabuwa. Ya cancanci wannan yabo, kuma ni da bakina na faɗa.

Na biyu, al'adar ofishinmu. A wurinmu ba mai sakin rubutunsa sai abokin dubawarsa ya karanta ya amince. Tun muna ɗaki mai fanka ɗaya ni ne mai duba nasa. Yana rubutu kamar ana korar sa, ni ina biye ina tsince abin da ya zubar. In ya gama sai ya tunkuɗo kujerarsa da ƙafa har gefena, ya ce, "Malam, zo ka zage ni." Ni kuwa ba na ƙasa a gwiwa. Sau nawa na ce masa ya auna tsawon sarƙa kafin ya yanka, sau nawa na ce masa ya kula da sifilin gaba! Har maiɗakinsa, ga ta can tana dariya, ta taɓa tambayata wane ne sifilin nan da ake ta mitarsa a gidanta.

To, wannan rubutu da ake karrama shi a kai, ba ni na duba ba. Na tafi jinyar mahaifiyata, sai aka ba Injiniya, ƙwararriyar da ta zo mana daga wani reshe. Na dawo na tarar an saki aikin, na tarar da kujerarsa a gefen teburinta. Jama'a, na yi kishi, kuma har yanzu da nake tsaye a gabanku bai sake ni ba.

Na buɗe rubutun ina farautar kuskure. Na jefa masa sarƙa mai sifili a gaba, ya riƙe sifilin. Na ba shi wadda ta gutsure, ya ƙi karɓa, ya kuma faɗi dalili. Na gauraya manyan haruffa da ƙanana, ko gezau. Na je wurin Injiniya da fara'ar da ba ta kai ciki ba, na tambaye ta kurakurai nawa ta gyara masa. Ta ce, "Ko ɗaya, Malam. Ya ce duk inda ya so ya yi gaggawa, muryarka yake ji." Don ta faranta mini ta faɗa, Allah ya saka mata. Ni abin da na ji shi ne, yanzu muryata ta ishe shi, ba sai na zauna kusa ba.

Na uku, amsar da Shugaba take jira. Za a buɗe sabon sashe, ana so Sarkin Sauri da Injiniya su riƙe shi tare, kuma a al'adarmu ba a raba abokan dubawa sai da yardar mai dubawa. Shi bai roƙe ni ba. Cewa ya yi in na ƙi, zai zauna, kuma na san zai zauna ɗin. Da roƙona ya yi, da na samu abin yin fushi a kai. Abin da na sani ya kwashe duka, abin da Injiniya ta sani kuwa ko ni ina so in koya. In na riƙe shi, don kaina na riƙe shi. Ranki ya daɗe, na amince.

Gobe za a kawo mini sabon abokin dubawa. Ko wane ne kai a cikin zauren nan, ka yi haƙuri da ni. In na kira ka da sunan wani, ka amsa kawai.

Allah ya sa albarka a sabon sashe, ya tsare su daga kuskuren da ido ba ya gani. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya sanyaya zuciyar da ke bukatar sanyi, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode da kuka saurare ni.